Ƙwaya Ta Ƙare a Kwali, Ba Ta Ƙare a Jini Ba: Nazarin Lamarin Wanda Ya Sha Giya Awa 8 Bayan Gama Flagyl

Mutumin yana da shekara 41, nauyinsa kilo 72. Ba shi da ciwon suga, ba shi da hawan jini, ba ya shan wani magani na dindindin. Matauninsa na ƙasa ta hagu ne ya ruɓe har ya tara mugunya a gindi, kumatu ya kumbura, zazzaɓi ya taso. Likitan haƙori ya tsaga wurin ya fitar da mugunyar, sannan ya rubuta masa amoksisilin miligiram 500 sau uku a rana, da metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, miligiram 400 sau uku a rana, duka na kwana 5. Ya ƙara masa ibufurofen miligiram 400 don raɗaɗi, ya ce ya dawo bayan mako ɗaya a cire haƙorin. Da aka tambaye shi ko yana shan giya, bai ɓoye ba: sau ɗaya ko sau biyu a mako, kwalba biyu. Sai aka ce masa kada ya kusance ta muddin yana kan magani.

Ya bi umarnin daidai da yadda aka furta shi. Kwana 5 bai ɗanɗana ba, kuma bai tsallake ƙwaya ko ɗaya ba. Ya haɗiyi ta ƙarshe da ƙarfe 2 na rana, ya jefar da ledar maganin. Da ƙarfe 10 na daren nan ya sha giya kwalba biyu, kowace mililita 500, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, cikin abin da bai kai minti 50 ba. In an lissafa, barasa zalla mililita 50 ke nan, kusan giram 40. A ranar bai ci abin kirki ba saboda muƙamuƙin bai gama sakewa ba, ya yi kwana biyu yana zawo sau uku a rana, kuma da ƙarfe 6 na yamma ya sha ibufurofen.

Bai gama kwalba ta biyu ba ya ji fuskarsa ta ɗau zafi, kai ya fara sara kamar ana buga ganga, zuciya na dukan uku-uku. Gumi ya karyo masa, ya yi amai sau huɗu a jere, da ya miƙe tsaye jiri ya ɗebe shi. Da ƙarfe 11 da rabi aka kai shi sashen gaggawa.

Abin da aka gani a sashen gaggawa

Yana cikin hayyacinsa, yana amsa tambaya daidai. Bugun zuciya 122 a minti, awon jini 96 bisa 58, zafin jiki 36.9, iskar oksijin a jini kashi 98, suga 4.4. Fuska da wuya da ƙirji sun yi ɗumi, idanu sun yi ja. A fata mai duhu jan da littattafai ke kwatantawa ba ya fitowa sosai, don haka tafin hannun mai dubawa da farin idon majiyyaci sun fi launin fata ba da labari. Babu ƙuraje masu ƙaiƙayi, leɓe da harshe ba su kumbura ba, ƙirji ba ya yin fito in yana numfashi. Ciki a sake yake, sai ɗan ciwo a ƙahon zuci. Babu jini a cikin aman.

Labarin da kansa yana nuna hanya, amma mai duba irin wannan majiyyaci ba ya kama amsar farko ya zauna a kai, domin akwai abubuwa da yawa masu wannan kama waɗanda suka fi ta haɗari. Na farko shi ne mummunan borin jini daga amoksisilin. Shi ma yana zuwa da ɗumin fata, amai, faɗuwar awon jini da saurin bugun zuciya, kuma maganinsa allurar adirenalin ce nan take. Abin da ya raunana wannan zato shi ne awa 9 sun wuce da shan ƙwayar ƙarshe, ya yi kwana 5 yana shan ta lafiya, kuma babu kumburi ko toshewar numfashi. Na biyu shi ne ciwon haƙorin ya bazu. Mugunyar matauni na ƙasa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya ta toshe maƙogwaro, ko ta shiga jini. An duba: bakinsa yana buɗewa yatsa uku, ƙasan harshe bai tasa ba, yana haɗiyar yawu, babu zazzaɓi. Na uku faɗuwar suga, domin barasa tana hana hanta ƙera sabon suga, kuma wanda ya yini bai ci ba shi ne abin ya fi kamawa. Awon 4.4 ya kawar da wannan, ko da yake an sake aunawa bayan awa biyu. Sai zubar jini a ciki, ganin an haɗa ibufurofen da giya a kan yunwa, da kumburin saifar ciki mai fitar da insulin, wanda giya ke jawowa, metronidazol ma yakan jawo shi jefi-jefi. An ɗauki jini don waɗannan, an kuma yi hoton bugun zuciya, tun da mai shekara 41 da ke gumi da amai ba a sallamarsa ba a duba zuciya ba.

Hoton bai nuna komai ba sai sauri. Yawan jini daidai, gwajin hanta daidai, gwajin saifar daidai. Sinadarin fotasiyam ya ɗan sauka zuwa 3.4, abin da zawo da amai suka isa su bayyana.

An kwantar da shi ta gefe, an sa masa ƙarin ruwan gishiri lita 1 cikin kusan awa ɗaya, an yi masa allurar ondansetron miligiram 4 don tsayar da amai. An jira hoton zuciya kafin allurar da gangan, domin maganin yana iya tsawaita wani sashe na bugun, kuma ƙarancin fotasiyam yana ƙara wannan haɗari. Bayan awa biyu bugun ya dawo 96, awon jini 112 bisa 70. Kafin asuba ciwon kai ya lafa, ya sha ruwa ya zauna masa. Da safe aka sallame shi. Babu wani makari da aka ba shi, domin babu shi; ana tallafar jiki ne har hanta ta gama aikinta.

Tambayar da ya yi kafin ya tafi ita ce wadda kusan kowa ke yi: "Likita, ai na gama maganin. Ina laifina?"

Lissafin abin da ya rage a jini

Kowane magani yana da abin da ake kira rabin wa'adi, wato lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya fitar da rabin abin da ke cikin jini. Na metronidazol kusan awa 8 ne ga mai lafiyayyar hanta. Bayan awa 8 saura rabi, bayan 16 saura kwata, bayan 24 saura kashi ɗaya cikin takwas. Sai an yi rabin wa'adi biyar, awa 40 ke nan, kafin a ce kusan kashi 97 cikin 100 ya fita.

Akwai wani abu kuma da mutane ba sa sawa a lissafi. Wanda ke shan ƙwaya duk bayan awa 8, alhali rabin wa'adinta awa 8 ne, kowace sabuwar ƙwaya tana tarar da ragowar ta baya. Cikin kwana biyu maganin yakan taru har ya kai kusan ninki biyu na abin da ƙwaya ɗaya ke bayarwa. To a nan, mutumin ya sha ta ƙarshe da ƙarfe 2, ya sha giya da ƙarfe 10, rabin wa'adi ɗaya cif. Rabin ninki biyu shi ne ɗaya. Ma'ana, sa'ad da ya buɗe kwalbar farko, abin da ke jininsa ya yi kusan daidai da na mutumin da bai daɗe da haɗiyar ƙwayar miligiram 400 ta farko ba. Ƙarfe 10 ɗin ma ai lokacin ƙwaya ta gaba ne da a ce akwai saura. A wurin jikinsa, babu bambanci tsakanin wannan dare da kowane dare na cikin kwana biyar ɗin. Ga shi kuma hanta tana juya wani kaso na maganin zuwa wani sinadari mai aiki irin nasa, wanda ya fi shi jinkirin fita.

Daga wannan lissafi aka samo wa'adin da ake bayarwa. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana cewa a jira awa 48 bayan ƙwayar ƙarshe, rabin wa'adi shida ke nan, inda abin da ya rage bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Takardar da ke cikin kwalin maganin a Amurka ta fi tsanani, kwana 3 ta ce. Ɗan'uwansa tinidazol yana da rabin wa'adi awa 12 zuwa 14, shi ya sa nasa wa'adin awa 72 ne. Wanda aka ba giram 2 a sha ɗaya, ƙwaya biyar ta miligiram 400 a lokaci guda, daga wannan shan zai fara ƙirga, kuma shi ne ya fi saurin ruɗuwa, domin a ganinsa magani ya fara ya ƙare cikin minti ɗaya. Mai ciwon hanta mai tsanani kuwa, rabin wa'adin yana iya ninkawa biyu ko fiye, don haka awa 48 ba ta ishe shi ba, in ma an yarda ya sha giyar ke nan, wanda ba a yarda ba.

Amoksisilin ba ya cikin wannan zance. Rabin wa'adinsa kusan awa ɗaya ne, kafin ƙarfe 10 ya riga ya bi fitsari ya tafi, kuma ba a san shi da rikici da barasa ba.

Shin maganin ne ya yi, ko giyar ce kawai?

A nan masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, kuma ya dace a faɗi hakan a fili.

Hanta tana sarrafa barasa a mataki biyu. Wani inzayim, wato sinadarin jiki mai juya wani abu zuwa wani, yana juya ta zuwa asitaldihaid, guba ce mai buɗe jijiyoyin jini, ita ke kawo ɗumin fuska, ciwon kai, amai da saurin bugun zuciya. Inzayim na biyu yana saurin juya asitaldihaid zuwa asitet, wanda ba ya cutarwa, daga nan ya zama ruwa da iskar da muke fitarwa. Idan aka toshe na biyun, gubar sai ta taru. Haka daisalfiram, mai sunan kasuwa Antabuse, yake aiki. A 1937 wani likita a Amurka ya lura cewa ma'aikatan da ke aiki da irin wannan sinadari a masana'antar roba ba sa iya shan giya, sannan a 1948 Hald da Jacobsen a Danmak suka nuna za a iya amfani da shi wajen hana mashaya sha. Aikinsa yana iya kai mako biyu bayan an daina. Haka kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen gabashin Asiya an haife su da raunin wannan inzayim, fuskarsu takan yi ja da ɗan kurɓi kaɗan ba tare da wani magani ba.

Metronidazol ya fito daga Faransa, ya shiga kasuwa wajen 1960. A shekarun nan aka fara samun rahotannin mutanen da suka sha giya a kansa suka yi irin abin da masu shan Antabuse ke yi, har aka gwada shi a matsayin maganin shaye-shaye, bai yi tasirin a zo a gani ba. Gargaɗin ya shiga littattafai ya zauna. Amma da aka zo gwadawa a tsanake, sai abin ya ƙi fitowa yadda ake zato. A 2002 masu bincike a Finlan suka ɗauki maza 12 masu lafiya, rabinsu suka sha metronidazol na kwana 5, rabi suka sha ƙwayar da babu magani a ciki, sannan aka ba kowa barasa. Asitaldihaid bai tashi a jinin kowa ba, kuma babu wanda ya nuna alamun. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna asitaldihaid yana ƙaruwa a cikin babban hanji, wataƙila don maganin ya kashe wasu ƙwayoyin hanji ya bar wasu, amma ba a cikin jini ba. A 2021 hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta rubuta a ƙa'idojinta na maganin cututtukan da ake ɗauka ta jima'i cewa ba dole ba ne a ƙaurace wa giya saboda metronidazol. Masu ƙera maganin da hukumomin Birtaniya ba su janye nasu gargaɗin ba.

In an dawo kan wannan mutum, ana iya bayyana daren nasa ba tare da an taɓo inzayim ba sam. Metronidazol shi kaɗai yana kawo tashin zuciya, ciwon kai da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Giram 40 na barasa a cikin da babu komai yana shiga jini da sauri, domin babu abincin da zai tsare shi a tumbi. Zawon kwana biyu ya riga ya rage masa ruwa, barasa ta buɗe jijiyoyi ta kuma ƙara fitsari, awon jini ya sauka, zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓi. Ibufurofen ya riga ya tsokani bangon tumbi. Duk wannan ya isa. A ɗaya gefen, mutumin ya saba shan kwalba biyun nan shekara da shekaru bai taɓa ganin haka ba, alamun sun zo da wuri tun kafin maye, kuma ɗumin fuska da jan ido sun dace da kwatancen da ke cikin rahotanni. Ba a auna asitaldihaid a sashen gaggawa, saboda haka babu gwajin da zai raba gardama.

Ra'ayinmu shi ne binciken mutum 12 masu lafiya, waɗanda aka ba barasa daidai gwargwado, bai isa ya wanke maganin ga mai zawo, mai yunwa, wanda bai gama murmurewa ba. Mai yiwuwa ne abin ba ya samun yawancin mutane, kuma an daɗe ana zuzuta shi fiye da kima. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ake nema a wajen majiyyaci kwana biyu ne kacal. In gargaɗin ya zama kuskure, asararsa dare biyu ba giya. In ya zama gaskiya a kansa, ga abin da ya biyo baya a gadon asibiti. Abin da binciken ya canza shi ne wani wuri dabam: bai kamata a hana mutum metronidazol alhali yana buƙatarsa don kawai ana tsoron zai sha giya ba, kuma wanda ya kurɓa bisa kuskure bai ji komai ba, ba sai an firgita shi ba.

Da wani maganin ne aka ba shi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki duk magungunan kashe ƙwayoyin cuta a yi musu hukunci ɗaya, kan mai uwa da wabi. Sunan maganin shi ne ke yanke magana.

Inda hujja ta fi ƙarfi ba ma a kan Flagyl ba ne. Wasu allurai ne na dangin sefalosforin, irin su sefotetan, sefoferazon da sefamandol, waɗanda ke ɗauke da wani reshe a ƙirarsu mai toshe inzayim na biyun nan da gaske. Wanda aka yi wa su a asibiti aka sallame shi, awa 72 zai jira bayan allurar ƙarshe, kuma sau da yawa bai ma san sunan abin da aka ɗura masa ba. Sefaleksin, da ake sha ta baki, ba shi da wannan reshe.

Linezolid nasa daban ne. Yana hana jiki rushe wani sinadari mai suna tayiramin, wanda ke da yawa a giyar famfo da jan ruwan inabi mai sa maye, kuma sakamakon ba faɗuwar awon jini ba ne, hauhawarsa ce farat ɗaya. Doksisaikilin ba ya rikici da kofi ɗaya na giya, amma hantar wanda ya daɗe yana sha kullum takan fitar da shi da wuri, har ya kasa kai ƙarfin da zai yi aiki. Eritromaisin yana sa tumbi ya tura abin da ke cikinsa da sauri, sai barasa ta fi saurin hawa kai. Azitromaisin kuwa misali ne mai kyau na cewa daɗewa a jiki ba ita kaɗai ce abin dubawa ba: rabin wa'adinsa kusan awa 68 ne, wanda ya sha na kwana 3 yana ɗauke da shi fiye da mako, amma ba a san shi da wata mummunar haɗuwa da barasa ba.

Magungunan tarin fuka su ne ba a wasa da su. Isoniyazid, rifamfisin da firazinamaid duk suna iya kumbura hanta, ana shan magani aƙalla wata 6, kuma mai shan giya kullum ya fi kowa shiga wannan haɗari. Saikulosirin, da ake ba masu tarin da ya ƙi jin magani, yana iya kawo farfaɗiya in ya haɗu da barasa. A nan ba lissafin awa ake yi ba, lafiyar hantar ake dubawa.

Akwai kuma abin da ke zuwa bayan an manta da magani. Haɗin amoksisilin da kilabulanik, wato Augmentin, yana iya kawo shawara har mako 6 bayan an gama, fulukulokzasilin kuma har wata 2. Wanda idonsa ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki na ƙaiƙayi a cikin wannan tsakani, ya bar giya gaba ɗaya ya je a gwada hanta, ya kuma ambaci maganin ko da ba a tambaye shi ba. Haka zawo mai ruwa-ruwa da ya ƙi tsayawa, ko ya zo da jini ko zazzaɓi, makonni bayan magani: ba na giya ba ne, yana iya zama wata ƙwayar hanji ce ta samu fili bayan an kashe maƙwabtanta.

Ko da maganin ba ya cikin masu rikici, ma'aunin da ya fi dacewa shi ne jikin da kansa. Zazzaɓi ya tafi, zawo ya tsaya, ana cin abinci, ana barci. Wanda bai kai nan ba, giya za ta ƙara masa ƙishirwa, ta lalata barci, ta jinkirta warkewa, ko wane magani ya sha. A kuma duba abin da ake sha tare. Ibufurofen da giya suna haɗuwa a kan tumbi, farasitamol da yawan sha suna haɗuwa a kan hanta, kuma mai shan warfarin, maganin tsinka jini, ya sani metronidazol yana ƙara tsinka jini, tasirin ba ya ɓacewa ranar da aka daina.

Barasa kuma ba a kwalbar giya kaɗai take ba. Wasu magungunan tari na ruwa, wasu ruwan kurkure baki da wasu jiƙe-jiƙen ganye na kanti suna ɗauke da ita. Mai ciwon haƙori musamman yakan kurkure baki sau da yawa a rana, don haka ya karanta jikin kwalbar. Takardar Flagyl ta Amurka ta haɗa har da sinadarin furofilin gilaikol, da ake sawa a wasu magungunan ruwa.

Wanda ba zai iya dainawa ba

Wannan mutum mai sha ne jefi-jefi, shi ya sa "kada ka sha" ta yi aiki a kansa. Ga wanda jikinsa ya saba da sha kullum, wannan umarni yana da nasa haɗarin. Dainawa farat ɗaya tana kawo rawar hannu da gumi cikin awa 6 zuwa 24, farfaɗiya tana iya biyowa cikin kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane kuma daga kwana na biyu zuwa na uku, kuma wannan matakin yana kisa. Irin wannan majiyyaci abu biyu yakan yi in an ba shi Flagyl ba a tambaye shi ba: ko ya sha giyar a kai, ko ya riƙa tsallake ƙwaya don ya samu damar sha. Na biyun ya fi muni, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tsallake ƙwaya ɗaya ba ya fitar da maganin daga jini, lissafin da ke sama ya nuna haka, amma yana rage ƙarfinsa a kan cutar. Mafita ita ce likita ya san gaskiyar yawan abin da ake sha tun farko, ya zaɓi wani maganin in akwai, ko ya tsara dainawar a ƙarƙashin kulawa. Mutane da yawa suna jin nauyin faɗa, wasu su rage adadin. Tambayar "kwalba nawa, kwana nawa a mako, yaushe ne na ƙarshe" ta fi "kana sha?" fitar da amsa mai amfani.

In abin ya riga ya faru a gida

A ajiye kofin giyar nan take. A kwantar da mutum ta gefe, kada a bar shi rigingine, domin amai na iya shiga huhu. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ruwan gishiri da suga ya fi. Kada a tura masa yatsa a maƙogwaro, kada a ƙara masa ibufurofen don ciwon kai. Kofi mai ƙarfi da wankan ruwan sanyi ba sa ƙara wa hanta sauri. Kusan giram 7 zuwa 10 na barasa take sarrafawa a awa, don haka giram 40 zai ɗauki awa 4 zuwa 6 ko me aka yi. Ciwon ƙirji, wahalar numfashi, suma, ruɗewa, jijjiga, kumburin leɓe ko harshe, amai mai jini ko mai kama da garin kofi, ko aman da ya hana ruwa zama, kowane ɗaya daga cikinsu na asibiti ne ba jira. Mai ciwon zuciya da tsoho ba sa jure faɗuwar awon jini kamar mai shekara 41, su a kai su da wuri. A tafi da kwalin maganin, ko hotonsa a waya.

Bayan mako ɗaya

Ya koma wurin likitan haƙori ranar da aka sa masa. Kumburin ya sauka, aka cire matauni ba matsala. Da aka bi diddigin abin da aka gaya masa tun farko, sai aka ga babu wanda ya ambaci awa 48, ba a ɗakin likita ba, ba wurin karɓar magani ba. An cire masa ƙwayoyin daga babban kwali aka zuba a ƙaramin leda, takardar bayani ba ta biyo su ba. A fayil ɗinsa an rubuta cewa ya samu alamu masu kama da na Antabuse bayan ya sha barasa awa 8 da gama metronidazol, kuma an ja layi a ƙarƙashin cewa wannan ba borin jini ba ne, don kada nan gaba a hana shi amoksisilin ko metronidazol a ranar da yake buƙatarsu. Bayan cire haƙorin ba a ba shi wani maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, tun da an kawar da tushen mugunyar. An dai ce masa ya bar giya aƙalla awa 24 saboda gudan jinin da ke toshe ramin, kuma wannan karon an rubuta masa rana da ƙarfen a jikin takardar.